Ranar da Na Ƙi Sa Hannu a Kan Motar Kebbe

Na yi shekara talatin da 'yan kai ina shiga ƙarƙashin mota, amma ban taɓa mantawa da wata Talata ta tsakiyar damina ba, ranar da na gama aikin da kowa ya yaba, sannan na tsaya a bakin gareji na ce motar ba za ta fita ba. Tunda kun ce in ba ku labari guda kafin in ajiye sifana, wannan zan ba ku.

Sunana Isa. A lokacin ni ne foman a garejin wani kamfani da ke gyaran rijiyoyin burtsatse, ofishinmu yana nan Tambuwal. Ga wanda bai san tsarin ba, foman shi ne babban bakanike. Shi ke raba aiki, shi kuma ake tambaya in aiki ya ɓaci. Muna da wata takarda da muke ce wa katin fita. Duk motar da aka taɓa mata birki, ko sitiyari, ko ƙafa, ba ta barin gareji sai foman ya sa hannu a wannan kati. Sama da ni akwai manaja, Injiniya Nasiru, mutumin Zariya, wanda bai fi wata biyar da zuwa ba. A haife na haife shi, amma a ofis shi ne gaba. Direbanmu kuwa Malam Hassan ne, ɗan gidan malamai na cikin gari. Mun daɗe tare da shi, shi ke ja mana salla a gareji, kuma ban taɓa jin ya ɗaga murya ba.

Motar da ake magana a kanta wata farar a-kori-kura ce mai jan ƙafa huɗu. Ita ke kai bututu da famfo da janareto duk inda rijiya ta lalace. Injinta lafiya lau, aibinta guda ne: gajeriya ce. Hanyoyin bayan Kebbe in ruwa ya sauka, tarakta da amalanken shanu sukan haƙa ramuka biyu a gefe, tsakiyar hanya ta tashi kamar kunyar dankali. Sai mota ta hau wannan tudu da cikinta, tayoyi su yi ta juyawa a banza.

A daminar nan rijiyar wani ƙauye da ake kira Tungar Marke ta lalace, can gaba da Kebbe. Sau biyu Malam Hassan ya ɗauki sabon famfo zai kai, sau biyu yana kafewa a hanya, sai da aka ɗauro motar da shanu aka jawo ta. Mai garin ya aiko ɗan saƙo a babur cewa mutane sun koma shan ruwan tafki, yara kuma sun fara gudawa. Nan ne Injiniya Nasiru ya yanke shawarar a ɗaga motar, ya sa aka aiko da kayan daga Legas.

Kayan sun iso ranar Litinin da hantsi. Akwai sufirin na gaba guda biyu masu murɗi, da sufirin na baya masu ganye, da shokazoba huɗu dogaye, da maɗauran ƙarfe da ke riƙe sufirin, sai tayoyi biyar manya masu zanen da ke cizon laka. Aikin kayan nan shi ne su ɗaga jikin mota kamar inci uku sama da ƙafafunta, manyan tayoyin kuma su ƙara mata tsayi daga ƙasa. Manaja ya same ni ina ƙirga su, ya ce, "Baba Foman, ina so motar nan ta kama hanya jibi da sassafe. Zai yiwu?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, in Allah ya so."

Kafin in kwance ko noti guda, na auna tsayin motar a kusurwa huɗu na rubuta da alli a bango. Ku riƙe wannan, wanda bai san inda ya taso ba ba zai san nawa ya ɗaga ba. Ni da kanikawa biyu da ke ƙarƙashina muka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe, muka fara da gaba. Sufirin mai murɗi abin tsoro ne, in ya kuɓuce yana iya karya haƙarƙarin mutum, don haka da hannuna na matse shi na sa. Muka gama gaba kafin la'asar. Talata da safe muka koma baya. Tsofaffin notuna sun ci tsatsa, biyu sai da muka gasa su da wuta. Ban ɗaure sababbin tamau ba sai da muka sauke motar nauyinta ya zauna a kai, don in ka ɗaure tana rataye, robobin da ke ciki suna murɗewa su yage cikin wata guda.

Da muka sa tayoyin, na ce a karya sitiyari har ƙarshe. Na gaba suka goge madigadi, wato ƙarfen da ke rufe saman taya. Muka yanke ɗan leɓen, muka dake shi ciki da guduma, muka sake gwadawa har hannuna ya shige tsakani. Na saita ƙafafun gaba da zare da magwaji, don ɗagawa takan karkatar da su.

Wajen ƙarfe uku na yamma muka turo ta waje. Gaskiya ta yi kyau. Ta tsaya kamar ingarma, har masu wucewa a hanyar Sakkwato suna rage gudu suna kallo. Ma'aikatan ofis suka fito, mai shayin bakin titi ya bar tebur ya zo ya zagaye ta sau biyu. Ni ma na ji daɗi a raina, ba zan ɓoye muku ba.

Amma akwai gwaji guda da maigidana na farko ya koya mini. Duk motar da ka canja mata tsayi, ka sa jak a jikinta, ba a ƙafarta ba, ka ɗaga har ƙafafun su rataya iyakar ratayarsu, sannan ka shiga ka duba mene ne ya miƙe. Haka take yi in taya ta faɗa rami. Muka mayar da ita ciki muka ɗaga bayanta, na shimfiɗa kwali na shige.

Akwai wani tiyon roba, kaurinsa bai fi ɗan yatsa ba, da ke kawo man birki daga jikin mota zuwa bakasul, wato ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya. An yi shi ne daidai tsohon tsayi. Yanzu da ƙafafun suka sami damar sauka fiye da da, ya miƙe tsaf kamar tsirkiyar garaya. Na taɓa shi, babu sassauci ko kaɗan. Na fito na zazzage kwalayen kayan kaf, ko an sako dogon tiyo. Babu.

Ina tsaye da kwali a hannu sai ga manaja da katin fita da biro, fuskarsa cike da fara'a.

"Baba Foman, sannu da ƙoƙari. Sa hannu, gobe su yi sammako."

Na ce, "Ranka shi daɗe, wagga mota ba ta fita gobe."

Na yi masa bayanin tiyon. Ya saurara, amma na ga ransa ya ɓaci tun ban kai ƙarshe ba. Ya ce motar ai a ƙasa za ta yi tafiya, ba a kan jak ba. Ya ce kamfanin da ya haɗa kayan ya fi mu sani, da ana buƙatar tiyo da sun sako. Na ce ban san abin da suka sani ba, na dai san abin da na taɓa da hannuna. Ya juya ya shiga ofis. Bayan kamar minti ashirin ya fito da abu biyu. Na farko takardar tuhuma ce, wadda muke ce wa kwari, tana neman in bayyana a rubuce dalilin da ya sa na ƙi bin umarni. Ga ma'aikaci, kwari ba ƙaramin abu ba ne, tana shiga fayil, kuma a duk shekaruna ba a taɓa ba ni ba. Na biyu wata gorar roba ce da ruwa a ciki, launinsa kamar kunun kanwa. Ya dangwarar da ita a kan bonet.

"Wannan mai gari ya aiko mini. Shi yaransu ke sha yau, shi za su sha gobe. Kai kana maganar abin da zai iya faruwa, ni ina maganar abin da ke faruwa."

Ina da jikoki, na san yadda gudawa ke gama yaro cikin kwana biyu. Na dubi gorar nan, na dubi biron da ke hannunsa, kuma wallahi na kusa karɓa. Abin da ya riƙe ni shi ne na san hanyar. Kafin Tungar Marke akwai wani kwazazzabo da ake gangarawa a karkace, a ƙasansa mashigi ne na mutane da dabbobi. A nan ne taya za ta rataya, a nan ne kuma ake buƙatar birki.

Manaja ya miƙa wa Malam Hassan makulli ya ce, "Ni na ba ka izini. Kati ko babu kati, gobe ka tafi."

Malam Hassan bai miƙa hannu ba. Ya ce a hankali, "Yallaɓai, ni ka tuƙi, amma ba ni ka ganin ƙarƙashin mota ba. Shekara da shekaru idanuna na can ƙasa Malam Isa na. In bai sa hannu ba, ba ni tada ta."

Ni kaina ban zaci zai faɗi haka ba, don yana da iyali da yawa, kuma direba ya fi bakanike saurin rasa aiki.

Na ce, "Ranka shi daɗe, alfarma guda nika nema. Ka shiga ka gani da idonka. In ka fito ka ce in sa hannu, sai mu sake magana."

Farar shadda ce a jikinsa. Ya cire hula ya miƙa wa Malam Hassan, ya kwanta a kan kwalin nan mai baƙin mai, muka shige tare. Na kama yatsansa na ɗora a kan tiyon. Na ce wa ɗaya daga cikin kanikawa ya ƙara jak ɗin kaɗan. Muka ga robar ta fara jan bakin ƙarfen da aka ɗaure ta. Muna kwance a nan ya tambaye ni, murya ƙasa, "Kwana nawa kake buƙata?"

Na ce, "Guda."

Muka buga wa masu sayar da kayan mota a Sakkwato waya, babu mai dogon tiyo da bakinsa ya yi daidai da namu. Daga Legas kuwa sai an yi mako. Saura hanya ɗaya: tunda tiyo ba zai ƙara tsawo ba, a sauko da wurin da aka ɗaure shi. Ana buƙatar wani ƙarfe mai lanƙwasa biyu, a ɗaure samansa a tsohon gurbi, ƙasansa ya riƙe tiyon inci uku ƙasa da da, a ɗan tanƙwaro bututun ƙarfen da ke kawo mai ya biyo shi. Ban so a yi shi da walda ba, don girgizar hanya tana tsaga walda. Na fi so a lanƙwasa ƙarfe guda da wuta.

Ni ɗan maƙera ne, daga Jabo. Laraba da safe na yanka siffar abin a kwali, na hau babur na tafi wurin yayana Mamman, wanda ya gaji maƙerar mahaifinmu. Na same shi yana ƙera hauya. Ya juya kwalin a hannunsa ya ce, "Wanga ɗan abu ya taso ka tun daga Tambuwal?"

Na ce, "Yaya, rayukan mutane ka rataya gare shi."

Ya ture hauyar gefe, ya zaɓo ƙarfe mai kauri, ni na zauna ina zuga kamar yadda nake yi muna yara. Na farko da ya lanƙwasa ya ɗaga shi a haske, ya ga ɗan layi a kusurwa, ya jefar da shi ba tare da na ce komai ba. Na biyu ya fito sumul. Ya bar shi ya huce da kansa, bai tsoma a ruwa ba, don kada ya yi gautsi.

Da na dawo gareji na tarar manaja ba ya nan. Aka ce tun da safe ya hau bayan babur ɗin Garba, mai gyaran famfonmu, sun nufi Tungar Marke da maganin tace ruwa da 'yan sifanu, don su fara zare tsofaffin bututu kafin mota ta iso. Mutumin da bai saba da hanyar nan ba ko a mota. Tun daga lokacin na fara yi masa wani kallo daban.

Muka huda ƙarfen, muka ɗaura, muka fitar da iska daga birki, muka sake ɗaga motar har ƙafafun suka rataya. Tiyon ya sami sassauci, yatsuna biyu suna lanƙwasa shi. Na sa hannu a kati bayan la'asar. Sannan na zaunar da Malam Hassan na gaya masa motar da ya sani ba ita ba ce yanzu. Doguwar mota ta fi saurin kifewa a kwana, don haka kaya masu nauyi su zauna ƙasa, a tsakiya. Agogon gudu zai riƙa nuna masa ƙasa da gudun da yake yi, saboda girman taya. Birki kuma zai ɗan ƙara nisa kafin ya tsayar da ita.

Alhamis muka tashi bayan sallar asuba, ni ma na shiga, don ba na aika mutum da aikin da ban hau ba. An yi ruwa kafin wayewar gari. Daga Tambuwal zuwa Kebbe ba mu sha wahala ba. Bayan Kebbe muka isa wurin da ta kafe sau biyu. Malam Hassan ya sa ƙafa huɗu, ya yi bisimilla, ta bi ta kan tudun nan ko gogarsa ba ta yi ba. Wasu manoma da suka taɓa taya shi tura ta suka ɗago daga cikin gero suna ɗaga mana hannu.

Sai kwazazzabon. Ruwa ya ƙara cin gefensa. Muna tsakiyar gangara, tayar baya ta hagu ta faɗa wani rami da ciyawa ta rufe, motar ta karkata, ƙafar ta sauka iyakar saukarta, na ji shokazoba ya buga. A daidai lokacin wasu mata uku da ƙwaryar nono a ka suka ɓullo daga bayan kalgo suka shiga mashigin, ba su fi taku goma daga gabanmu ba. Malam Hassan ya taka birki. Motar, da janareto da bututu da famfo a bayanta, ta ja kaɗan a laka ta tsaya cak.

Matan suka wuce suna gaishe mu, ba su san komai ba. Na ce ya riƙe ta a haka, na sa dutse a taya, na kwanta cikin laka na leƙa. Tiyon yana nan da sauran sassaucinsa, ƙarfen Yaya Mamman ko motsi bai yi ba. Ba zan ce muku lallai da tsohon ɗaurin ne da ya tsinke ba, wannan Allah kaɗai ya sani. Abin da na sani shi ne na auna saukar ƙafar da idona, ta kai ta ranar Talata, har ta so ta wuce. Da na dawo cikin mota Malam Hassan ya dube ni, na gyaɗa kai, ya ce alhamdu lillahi, muka ci gaba.

Mun tarar da Injiniya Nasiru a bakin rijiya, wando naɗe har gwiwa, sauro ya yi masa kaca-kaca da fuska. Sun riga sun zare bututun duka, don haka aikin da zai ci kwana biyu ya ƙare a yini guda. Ruwa ya fito bayan la'asar. Mai gari ya tara hannu ya sha, sannan aka bar mata suka jera bokitai. Ban ba manaja labarin kwazazzabo ba, Malam Hassan ne ya ba shi. Ya saurara, ya zo inda nake wanke hannu ya ce, "Baba, sannu." Na ce, "Kai ka da sannu, ranka shi daɗe." Iyakar abin da muka ce ke nan.

Kada ku ɗauka na fita ba kuskure. Washegari a hanyar dawowa ƙaya ta huda mana taya, muka fito da jak ɗin motar, muka murɗa shi har ƙarshe, bai ko taɓa ta ba. Na ɗaga mota na manta jak bai ƙara tsawo ba. Sai da muka aro guntun tsohon turmi a wata ruga muka ɗora shi a kai. Malam Hassan ya yi shekara yana tsokanata da wannan.

Kwarin kuwa ta riga ta sami lamba ta shiga fayil, ba a janye ta, dole in amsa. Na amsa a layi huɗu, na faɗi abin da na gani da abin da na yi. Manaja ya rubuta a ƙasa da jan biro cewa foman ya yi daidai, ya kuma sa aka ƙara layi guda a katin fita: duk motar da aka canja wa tsayi, sai an rataya ƙafafunta an duba. Layin da kuke cikewa yau, daga nan ya samo asali. Motar ta yi damina shida tana bin hanyar nan kafin a sayar da ita.

Abin da na koya shi ne, a sana'armu abin da jama'a ke yabawa daban, abin da ke riƙe da rai daban. Ranar nan kowa tsayin mota da tayoyi yake kallo, babu wanda ya kalli robar da ba ta fi yatsa ba. Na kuma koyi cewa wanda ke matsa maka lamba ba lallai mugu ba ne. Injiniya Nasiru yara yake ji wa tsoro, ni ma mutane nake ji wa tsoro, kuma da muka kwanta a kwali guda muka ga abu guda, rigima ta ƙare. Saboda haka in babba ya ce ku sa hannu alhali ba ku gamsu ba, kada ku yi masa tsawa, kada kuma ku sa. Ku shimfiɗa masa kwali. Kuma duk lokacin da kuka ɗauki biro, ku tuna akwai direban da zai tada motar ba tare da ya leƙa ƙasanta ba, don kawai ya ga sunanku a kati.